Karatun da Ba Ya Kawo Cefane

A Agege, mai cika tukunyar gas kan ɗora ta bisa sikeli, ya ɗaura tiyo, ya jira ta kai kilo 12 da rabi. In an girgiza ta sai a ji abu na motsi a ciki. Iska ce aka matse har ta koma ruwa. Akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu kan abin da matsi ke yi wa halitta, kuma wasunsu da lissafi kawai suke aiki.

A 1935 Eugene Wigner da Hillard Huntington suka lissafa cewa iskar haidurojin za ta zama ƙarfe in ta sha matsi sosai. A 1968 Neil Ashcroft na Jami'ar Cornell ya ce wannan ƙarfe zai ɗauki lantarki ba asara. Sai a 2015 Mikhail Eremets da abokan aikinsa a Mainz ta Jamus suka ga irin haka a wani sinadari mai haidurojin, da suka danne tsakanin lu'ulu'u biyu, matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa sau miliyan ɗaya da rabi. Jiran shekara 47 ke nan.

To, ɗan Zangon Agege da ya zaɓi wannan fanni, me zai ce in mahaifinsa ya tambaye shi, "Wai ina amfanin karatun nan naka?" Tambayar na da tushe, domin ilimi mai amfani Musulmi ke roƙo. Imam Gazali ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wanda in al'umma duka ta bari, duka ta yi laifi. Kuskuren shi ne auna amfani da cefanen gobe. Percy Bridgman ya yi shekaru yana danne abubuwa a Harvard, ya samu kyautar Nobel a 1946; a 1954 aka ƙera lu'ulu'u da matsi a kamfanin General Electric. Garin irin wannan lu'ulu'u ne a bakin faifan da magina ke yanka tayil da shi a Legas yau.

Kwamfuta, wuta da malami wannan karatu ke buƙata, kuma cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana karɓar ɗaliban Afirka. Attajiran Agege, masu goro da masu shanu, su ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya ne.