Motar Hamada Tsakanin Shiri da Tawakkali

Motar da ke ja da ƙafa huɗu, wadda ake kira katkat a Nijar, a Najeriya kuma aka fi sani da jif, tana fitowa daga kamfani da shirin raba-daidai: ta hau kwalta ba tare da ta wahalar da mai ita ba, ta kuma iya sauka daga kwaltar idan ta kama. Wanda ya yi niyyar barin kwalta gaba ɗaya ba ya wadatuwa da haka. Sai ya kai ta gareji a ɗaga ta, a sauya tayoyi, a ƙara tankin mai, a ɗaura mata bambar ƙarfe da injin ja. Masu yin wannan iri biyu ne. Akwai masu nishaɗi, kamar masu zuwa hanyar Rubicon a tsaunukan Kalifoniya, wadda tsawonta bai wuce kilomita 35 ba amma duwatsunta kan cinye wa direba kwana biyu. Akwai kuma masu neman abinci, kamar direbobin Agadas da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma a Toyota Hilux da Land Cruiser. Abin da dukansu ke saye da kuɗinsu shi ne ƙarin tabbacin za su je su dawo. Daga nan tambayar addini take tasowa: mene ne matsayin irin wannan shiri a wurin wanda ya yi imani cewa tsira da halaka suna hannun Allah, kuma yaushe shiri yake tashi daga riƙo da sababi ya koma dogaro da ƙarfe?

Rabin farko na tambayar malamai sun daɗe da rufe shi. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Buhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman kan tafi Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun isa Makka kuma su koma roƙon mutane. A kansu aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umarnin yin guzuri. Annabi da kansa ya ɗauki ɗan jagora a tafiyar Hijira, ya kuma sa sulke biyu ranar Uhudu. Babu mai ilimin da zai ce ɗaukar safayar taya raunin imani ne.

Rabi na biyu ne mai wuya, kuma cikin waɗanda suka fi tsara shi akwai Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumid Din. Ya kasa sababi kashi uku. Na farko yankakke ne, wanda Allah ya ɗaura sakamako a kansa bisa al'adar da ba ta saɓawa, kamar miƙa hannu ga abinci da tauna shi. Barinsa da sunan tawakkali hauka ne. Na biyu na rinjayen zato ne, wanda galibi buƙata ba ta biya sai da shi, kuma misalin da ya kawo shi ne guzurin mai ratsa daji. Riƙo da shi ba ya warware tawakkali matuƙar zuciya ba ta jingina da shi ba. Na uku shi ne wanda mutum ke riya cewa zai kai shi ga manufa alhali babu hujja bayyananniya, kamar zurfafa dabaru wajen neman dukiya, kuma wannan a ganinsa yana fitar da mai shi daga tawakkali. Ya ambaci Ibrahim al-Khawwas, sufin da ya shahara da shiga sahara ba abinci, amma ba ya rabuwa da allura da almakashi da igiya da guga. Dalilinsa kuwa, ruwan sahara a ƙasan rijiya yake, ba ya hawowa don imanin mai ƙishirwa.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan motar rairayi, abin da ke fara bayyana shi ne kayan kashin farko su ne mafi arha: ruwa, mai, safayar taya biyu, famfon iska, shebur, jek da katakon da za a sa a ƙarƙashinsa don kada ya nutse, da faifan ƙarfe mai huji da ake shimfiɗawa a gaban taya idan mota ta kafe. A rairayi mai laushi mota kan sha kusan ninkin man da take sha a kwalta, don haka ba a lissafin jarka da kilomitar taswira kaɗai. Gyaran da ya fi kowanne amfani kuwa ko sisi ba ya ci. Direba kan tsaya a bakin rairayi, ya tsuguna gaban kowace taya da ɗan ƙusa, ya danna bakin bawul har awon iska ya sauko daga 35 ko 40 zuwa 15 ko 18. Sai tayar ta baje, tafinta ya yi tsawo, nauyin motar ya rarrabu, ta riƙa tafiya bisa rairayin maimakon ta haƙa shi. Da an koma ƙasa mai tsakuwa sai a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar ya ɗau zafi ko dutse ya yanke shi. Wanda ya bar waɗannan ya ce Allah na nan, yana sahun mahajjatan Yaman.

Kashi na biyu shi ne inda kuɗi ke tafiya, kuma kowane abu a cikinsa yana ba da wani abu ya karɓe wani. Ɗaga mota da sifirin da shokozoba masu tsawo, galibi da santimita 5, yana nesanta shasi da bodi daga ƙasa, amma a motoci masu aksul ɗin sanda guda, tulun giyar da ke tsakiyarsa yana nan inda yake. Taya mai tsawo ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Nauyin motar kuma ya koma sama, musamman in an jibga jarkoki a kan rufi, sai ta fi saurin kifewa a gefen tudun rairayi. Babbar taya tana rage wa inji ƙarfin tashi, ta wahalar da burki da aksul, ta kuma sa agogon kilomita yin ƙarya: in ta fi ta asali da kashi 10 cikin 100, agogon zai nuna 100 alhali an yi 110. Ga mai auna nisan rijiya da wannan agogo, kuskuren ba ƙarami ba ne.

Makullin aksul ya fi su ban sha'awa. Giyoyin da ke cikin tulun nan an yi su ne don su bar ƙafar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Illarsu ita ce idan ƙafa ɗaya ta tashi sama ko ta faɗa taɓo, ita za ta yi ta juyawa a banza, mai kamun ƙasa kuma ta tsaya cik. Makulli yana tilasta wa biyun su juya tare, motar ta fita. Shi ya sa kamfanin Jeep ya sa shi gaba da baya a ƙirar Wrangler Rubicon tun 2003. Sai dai dukan ƙarfin inji na iya taruwa a sandar ƙafa ɗaya ta karye, sitiyari kuma ya ƙi juyawa in an kulle na gaba. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saitin rufi yana rage ƙurar da inji ke sha, yana kuma hana shi zuƙar ruwa a mashigin kogi, abin da kan lanƙwasa ƙarafan cikin inji nan take. Amma ba ya hana ruwa shiga wayoyi da giya, kuma ba ya hana igiyar ruwa ɗaukar motar ɗungurungum. Bambar ƙarfe da injin ja da tanki na biyu duk nauyi ne da ake cirewa daga abin da motar za ta iya ɗauka. Wani lokaci ma hikimar tana cikin ƙin ƙari. Ƙirar Land Cruiser 70 da ta fito a 1984 har yau ana yinta, kuma injinta na dizal 1HZ mai lita 4.2 ya samu karɓuwa a ƙasashen hamada don ba ya dogara da kwamfuta. Bakanike mai sifana da haƙuri zai iya tayar da shi a inda babu gareji.

Kashi na uku ba jerin kayayyaki ba ne, domin abu ɗaya na iya zama sababin rinjayen zato a wata ƙasa, ya koma na riyawa a wata. Injin ja mai igiyar ƙarfe kayan ceto ne a dajin da ke da bishiyoyi. A tsakiyar Tenere babu abin ɗaura igiyar, sai dai a haƙa rami a binne safayar taya a ja da ita, aikin da shebur da faifan ƙarfe kan riga shi gamawa. Haka nan kayan da mai shi bai taɓa gwadawa ba, bai san inda maɓallinsa yake ba, amfaninsa ɗaya ne: yana kwantar masa da hankali. A ma'aunin Gazali wannan kwanciyar hankalin ita ce cutar, tunda natsuwar da ya kamata zuciya ta samu daga Allah ta koma samunta daga abin da ko a al'ada ba ya tsirarwa.

Akwai kuma wani abu da rabon nan uku bai fito da shi sarari ba, domin a zamanin raƙumi bai yi tsanani ba. Guzuri ba ya canza hanya. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Fashi da Bilma yana bin rijiya zuwa rijiya, madugu ya san kwanakin da raƙumi zai jure, kuma wannan juriyar ce ke yanka masa iyaka. Gyaran mota kuwa yana matsar da iyakar kanta. Motar da ba a taɓa ba kan kafe a bakin rairayi, inda har yanzu ana iya komawa gari da ƙafa. Wadda aka ƙarfafa tana wuce nan ba ta ko girgiza, ta je ta karye a inda babu mai wucewa. Masanin tattalin arziki Sam Peltzman na Jami'ar Chicago ya kawo irin wannan hujja a 1975 game da dokokin kayan kariya a motoci, cewa direba kan cinye wani ɓangare na amincin da aka ƙara masa ta hanyar ƙara ganganci. An yi ta jayayya kan girman abin, amma asalin halin sananne ne ga duk wanda ya ga yadda sabon burki ke ƙara wa direba gudu. Saboda haka ba a gane tawakkalin mai mota da yawan abin da ya ɗaura ko ƙarancinsa. An fi gane shi a lokacin yanke shawara: ko zai jira mota ta biyu su tafi tare, ko zai sauka ya taka tudun da ƙafa kafin ya hau, ko zai juya in rabin mai ya ƙare. Wanda zuciyarsa ta rataya ga ƙarfe juyawa kan yi masa nauyi, don yana ganin ya riga ya biya kuɗin isa.

Fiƙihu yana da ma'aunin da ya dace da nan, wato rinjayen tsira. Muhtasar na Halil, a babin Hajji, ya daidaita tafiyar teku da ta tudu sai fa idan halaka ce ta fi rinjaye. Wasu malaman Shafi'iyya sun halatta wasanni masu haɗari ga gwani da wannan sharaɗi. Bisa haka, hawan duwatsu don nishaɗi ba laifi ba ne a kan kansa, kuma gyaran mota na iya mayar da hanyar da ba ta halatta ga wani ba ta halatta ga wani. Masu zuwa Rubicon galibi a ayari suke tafiya, wani na tsaye a gaba yana nuna wa direba inda zai sa taya, gari kuma ba nisa. Abin da aka fi asara shi ne aksul da kuɗi. Nishaɗin yana da nasa haƙƙi a kan ƙasa, domin sawun taya a busasshen wuri kan daɗe bai ɓace ba, ya kashe ciyawar makiyaya ya buɗe wa zaizaya hanya, dalilin da ya sa hukumar gandun dajin Amurka ta fara shirin Tread Lightly a 1985. Bishiyar Tenere, ƙayar da ta tsaya ita kaɗai tana nuna wa ayari hanya, saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 zuwa ruwa, mota ce ta kayar da ita a 1973. Kututturenta na gidan tarihi na Yamai.

Hukuncin yana ƙara nauyi idan akwai wasu a cikin motar. Al-Khawwas da ransa kaɗai ya shiga sahara, bayan ya horar da jikinsa ga yunwa, kuma Gazali bai yarda mai iyali ya ɗora wa iyalinsa irin wannan hali ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, wadda aka soke a Nuwamban 2023, direbobi da dama sun riƙa kauce wa sanannun hanyoyi da rijiyoyin da jami'an tsaro ke gadi, abin da ƙarfin mota da na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam suka sauƙaƙa musu. Fasinjan da ke zaune a bayan Hilux tare da mutum 20 ko fiye, yana riƙe da sanda tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, bai duba lagireto ba, bai ƙirga jarkoki ba, bai zaɓi hanya ba. Sababinsa duka yana hannun direba da mai mota, shi ya sa a kansu abin ya tashi daga zaɓin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa ya zama amana. Guzurin da Gazali ya sa a kashi na biyu, wanda sufi zai iya bari wa kansa, a nan ya zama wajibi, kuma ana auna shi da juriyar yaro da mai shayarwa, ba ta direban da ya saba da rana ba. A aikace lissafin kan tsaya ne a kan wuri da nauyi, tunda kowace jarkar ruwa mai lita 25 da kowace safayar taya tana cin gurbin da mai biyan kuɗin mota zai zauna.