Wa Ake Bari a Ƙasa?

A ƙungiyarmu, duk lokacin da aka tada zancen fim ɗin ƙagen kimiyya da ya fi kowanne, gardamar ba ta wuce abu biyu: wanne aka fi kashe wa kuɗi, wanne kuma ya fi sa mutum sakin baki. Ni ma'aunina daban ne, shi nake so in baje a wannan ƴar takarda. Da yawa daga waɗannan fina-finai, tun na zamanin kakanninmu har na yau da muke tura wa juna a waya, labari guda suke juyawa. Duniya ta zo ƙarshe, an ƙera jirgi, jirgin kuma ba ya ɗaukar kowa. Sai a saka mu, mu ƴan kallo, a cikin jirgin, a sa mana kiɗa mai taɓa zuciya, a ce mana ɗan Adam ya tsira. To wane ɗan Adam? Idan mutum arba'in suka haye, miliyoyi suka halaka, da wane baki za a ce wa wannan tsira? Kuma mu da ke kallo daga Kurni, a ina fim ɗin ya ajiye mu, ciki ko waje?

Mu fara da tsoho. A 1951 aka fitar da When Worlds Collide a Amurka. Wani tauraro ya nufo duniya zai murƙushe ta, masana suka ƙera roka da za ta kai mutane wata duniya mai suna Zyra. Gurbin na mutum arba'in da ƴan kai ne, sai dabbobi. Aka yi ƙuri'a tsakanin ma'aikatan da suka yi aikin, waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba suka ɗauki bindigogi a ranar ƙarshe. Attajirin da ya zuba kuɗin, wanda a keken guragu yake, ya ɗauka kujerarsa ta tabbata, amma shugaban masanan ya riƙe keken, su biyu suka tsaya a ƙasa. Nan fim ɗin ya yi ƙoƙari, ya nuna kuɗi ba su sayi rai ba. Sai dai ka duba fuskokin da suka sauka a Zyra: duk fararen fata ne. Ba wanda ya ce a cikin fim ɗin an hana baƙar fata ko Basine shiga. Ba a ma tuna da su ba, kuma a gare ni wannan ya fi hanin ciwo.

Kowa ya san daga ina aka aro wannan labari, daga jirgin Annabi Nuhu ne, alaihissalam. Amma an aro gangar jikin an bar ruhin. Annabi Nuhu ya yi shekara dubu ba hamsin yana kiran mutanensa, ƙofa a buɗe, ba tikiti, ba ƙuri'a. Har ɗansa ya kira ruwa yana tasowa, ɗan ne ya ƙi. A can wanda ya nutse ƙin shiga ya yi. A fim kuwa mutane ne ke dukan ƙofa suna kuka, ana rufe ta da ƙarfe.

Fim ɗin 2012, wanda Roland Emmerich ya yi a 2009, bai ma ɓoye ba. Kujera ɗaya a jiragen ruwan da aka ƙera a ɓoye cikin duwatsun Tibet kuɗinta Yuro biliyan ɗaya. Masanin Indiya da ya fara gano bala'in, an yi masa alkawarin za a ɗauke shi da iyalinsa, ba a zo ba, ruwa ya cinye su. Abin dariya, in abin dariya ne, a ƙarshe aka gano nahiyar Afirka ta ɗaga sama, ruwa bai shafe ta duka ba, sai jiragen suka juya suka nufi Afirka ta Kudu. Wato mutanen da ba a sayar wa tikiti ba, gidansu za a je a sauka. Fim ɗin ya ƙare kafin mu ga ko an nemi biza.

Shi ya sa nake ɗora Soylent Green na 1973 sama da waɗannan biyu, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Soleil vert. A cikinsa babu jirgi sam. New York ce a 2022, mutum miliyan 40 a cunkushe, zafi ba ya sauka, ana kwana a kan matakala, ana bin layin ruwa da na wani abinci kamar biskit. Idan abincin ya yanke jama'a suka yi bore, sai a kawo motocin kwasar shara a kwashe su kamar yayi. Akwai inda tsohon nan, Edward G. Robinson, a fim ɗinsa na ƙarshe a duniya, ya ga yankan naman sa ya fashe da kuka, don ya tuna lokacin da nama ba abin mamaki ba ne. Ku lura da shekarar fa. A 1973, lokacin da Amurkawa ke biyan kuɗi su kalli yunwar da aka ƙaga musu, a Sahel fari ne na gaske, dabbobi na faɗuwa a hanya. A watan Afrilu na 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da Diori Hamani, kuma yadda aka yi da abincin agaji yana cikin dalilan da suka bayar. Abin da wasu ke kira gaba, tsofaffinmu sun riga sun ci shi sun sha ruwa.

Yanzu ga wanda ya hana ni barci. A watan Agusta na 2013 aka fitar da Elysium na Neill Blomkamp, ɗan Afirka ta Kudu. Shekara ta 2154, masu hali sun koma wata tasha a sararin sama, mai ciyawa kore da injin da ke warkar da kowace cuta, talakawa suna ƙasa cikin ƙura. A farkon fim ɗin jirage uku na ƴan fasa-ƙwauri suka tashi ɗauke da marasa lafiya da mata da yara, aka harbo biyu. Wata biyu bayan fitowar fim ɗin, a Oktoba 2013, aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka mutu a hanyar Tamanrasset, ƙishirwa ta ƙarasa su. Yawancinsu daga nan yankinmu na Kance suke. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Ba sai na yi wa ɗan Kurni ko ɗan Matamaye bayanin wannan tafiya ba, kowa ya san gidan da aka taɓa rufe ɗaki aka tafi da goyo.

Ba ina cewa Blomkamp ya san mu ba ne. Iyakar Amurka da Meziko yake nufi, kuma fim ɗin nasa daga tsakiya ya koma harbe-harbe kawai, aka ba Matt Damon aikin ceton kowa kamar yadda aka saba. Amma ya yi abu ɗaya da nake girmamawa: ya tsayar da kyamara a ƙasa, cikin masu kallon sama.

Nan ne zan taɓa wanda abokaina suka fi so, Interstellar na Christopher Nolan, 2014, kuma na san za a yi mini caa. Wallahi fim ne mai kyau, ba na musu. Farkonsa ma kamar a garinmu aka ɗauka: guguwar ƙura, ana kife kwanoni a tebur don kada rairayi ya shiga, cuta ta cinye alkama, ta cinye kuɓewa, saura masara kaɗai. Manomi Cooper ya bar ƴaƴansa biyu ya tafi neman wata duniya. An gaya masa akwai shiri biyu, na farko a kwashe mutanen duniya, na biyu a kai ƙwayayen haihuwa 5,000 a daskare a fara sabon iri a can. Daga baya ta fito cewa tsohon farfesan ya daɗe da fid da rai daga shiri na farko, ƙarya ya yi don a yarda a tafi. Fim ɗin ya nuna wannan ƙarya mummuna ce, na ba shi wannan. Amma ku tuna da Tom, ɗan Cooper, wanda ya zauna ya riƙe gonar. Yadda aka zana shi, mai taurin kai ne, mai baƙar zuciya, har ƙanwarsa Murph ta cinna wa masararsa wuta, mu kuma aka shirya mu mu ce ta yi daidai. Da Cooper ya dawo a ƙarshe, ƴarsa ya nema. Ko sau ɗaya ba mu ji ya ce ina Tom ba. Wanda ya ciyar da gidan shekara da shekaru, labari ya tsallake shi kamar kututture.

Kuma akwai wani abu da fim ɗin bai faɗa ba. Wasu daga tsofaffin da ke ba da labarin ƙura a farkonsa ba ƴan wasa ba ne, mutane ne da suka ga guguwar ƙurar Amurka ta shekarun 1930 da idonsu, daga wani fim na tarihi na Ken Burns aka ɗauko su. Waccan ƙura ba da roka aka yi maganinta ba. Canza salon noma aka yi, aka dasa itatuwa wajen miliyan 220 a jere don tare iska, sannan ruwa ya dawo.

Mu ma muna da irin wannan labari, ba wanda ya yi masa fim mai tsada. Bayan farin 1984, a Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta jan hankalin manoma cewa kututturan da ke gonakinsu ba matattu ba ne, saiwarsu na raye a ƙasa, in aka bar toho ɗaya ko biyu aka sassabe sauran, itace zai tashi. A nan Damagaram, a Magariya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka riƙa barin gawo a gona. Masu bincike sun ƙiyasta a faɗin Nijar itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan kadada miliyan 5. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da ƴaƴa. Da a fim aka ƙago itace mai irin wannan hali, da mun ce marubucin ya zarce.

Fim ɗaya na sani da ya kusanci wannan, Pumzi, na Wanuri Kahiu ƴar Kenya, 2009, minti ashirin da ƴan kai. Shekara 35 bayan yaƙin duniya na uku, yaƙin ruwa. Mutane na zaune a rufe, ana tace fitsari da gumi a sake sha, ana ba su ƙwaya don kada su yi mafarki. Asha, mai kula da gidan tarihi, ta samu ƴar ƙasa mai rai, ta saka iri ya tsiro. Ta gudu da shi cikin hamada, ta dasa, ta zuba masa ruwan da ya rage mata, ta matse gumin jikinta a kansa, ta kwanta ta yi masa inuwa. Babu taurari masu juyawa, babu babban kiɗa. In da ni ke jera su, shi ne na ɗaya, Soylent Green na biye.

To amma kada in yi wa kaina daɗin baki. Da sauƙi ɗan lakwal irina ya zauna a inuwa ya ce zama ya fi tafiya, ya kawo karin maganar nan ta kowa ya bar gida gida ya bar shi. Gawo ya dawo, gaskiya ne, amma gonar ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ke rabawa, abin da ake girbewa a gidaje da yawa ba ya kaiwa wata damina. Matan da suka hau motar 2013 ta ƙarƙashin waɗannan itatuwan suka wuce. Ba rashin son gida ya kore su ba, lissafi suka yi da rumbu, lissafin bai fita ba. Asha ma, in mun duba da kyau, mutuwa ta yi a gindin itacen. Wanda zai ce wa uwa mai ƴaƴa biyar ta yi koyi da Asha, to ya fara kwanciya a ranar da kansa.

Don haka ba na zargin Cooper da ya tafi, kamar yadda ba na zargin inna da ta tafi Tamanrasset. Abin da nake ƙi shi ne a sa ni in yi tafi don an tsirar da iri alhali an bar mutane. Kalmar ɗan Adam, in aka faɗe ta da babbar murya, takan zama bargo a rufe gawawwaki da ita. Wani abokina ya ce mini ai in ba a tsirar da kaɗan ba kowa zai mutu, gara arba'in da babu. Na yarda, gara arba'in da babu. Likita ma a ranar annoba yakan zaɓi wanda zai fara dubawa. Amma likitan kirki ba ya fita yana murna, kuma ba ya manta sunan wanda ya bari a tabarma. Sannan kafin in yarda gurbin arba'in ne kawai, ina so in ga wanda ya auna jirgin. A cikin 2012 ɗin nan, da masanin da Chiwetel Ejiofor ya fito a matsayinsa ya shiga ɗakin da aka ware masa shi kaɗai, sai ya ga zai ɗauki mutum goma. Da ya matsa aka buɗe ƙofa, dubban da ke waje suka shiga, jirgin kuma bai nutse ba.