Kujerar da Ba Ta Wankuwa da Hukuncin Tsarkinta

A zamanin da kayan zauren mai gida a Dakoro ba su wuce tabarmar kaba da buzu da tumtum ɗin fata wanda baduku ya ɗinka ba, mas'alar tsarkin wurin zama ba ta kasance mai wuya ga kowa ba, domin duk abin da najasa ta taɓa ana iya ɗaukarsa, a kwarara masa ruwa, a shanya shi a kan danga. Amma tun da kujerun kushin suka shigo gidaje, waɗansu daga hannun kafintocin Maraɗi, waɗansu kuwa tsofaffi daga Turai, sai aka sami abin zama mai nauyi, mai soso a ciki, wanda yake shanye abin da aka zuba masa, ba ya kuma mayarwa. Jariri zai yi fitsari a kai, uwar gida ta goge da sabulu, ta fesa turare, sa'an nan mai gida ya zauna da rigar da zai tafi masallaci da ita, zuciyarsa tana ɗar-ɗar.

Mutane sun kasu biyu a nan. Akwai wanda ya ga kujera tana ƙyalli tana ƙamshi, ya ɗauka magana ta ƙare. Akwai kuma wanda waswasi ya kama, yana ta kwarara bokiti bayan bokiti a ƙasar da rijiya ke da zurfi, ruwa kuma da tsada, har soso ya ruɓe, fata ta bushe ta tsattsage. Ni dai a ganina na biyun ya fi bukatar a yi masa bayani, domin shi tsoron Allah ne ya jefa shi cikin wahalar da Allah bai ɗora masa ba.

Abin da malamanmu na mazhabar Imamu Malik suka tabbatar shi ne, hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa tsantsa, wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. Saboda haka kumfar sabulu, komai yawanta, ba ta mayar da wuri mai tsarki. To amma Shaihu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, mai Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, ya kawo wani sauƙi wanda da yawa ba su kula da shi ba: idan ainihin najasar ya gushe, ko da ba da ruwa tsantsa aka gusar da shi ba, abin da ya taɓa wurin daga baya bai najastu ba. Ma'ana, kujerar da aka goge har babu sauran abin da ya rage, ba za a yi salla a kanta ba, amma wanda ya zauna a kai rigarsa tana nan da tsarkinta. Kujera kuwa, ai don zama aka yi ta. Haka nan wanda ya yi shakka ko najasa ta sami wurin, yayyafa ruwa ya ishe shi. Launi ko wari da ya gagara fita bayan wanki an yafe shi. Fitsarin akuya ko tunkiya kuwa, wadda ba ta cin ƙazanta, a wurin Malikawa mai tsarki ne tun asali.

Sai maganar fatar da ake lulluɓe kujerar da ita. Wadda ta fito daga hannun majemanmu, musamman ta jar akuyar Maraɗi da ta yi suna saboda laushinta, babu kokwanto a kanta matuƙar an yanka dabbar: an jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, an kankare, an tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, an shafe ta da mai. Wadda ta zo daga ƙetare ita ce ake tambaya a kai, domin ba a san ko an yanka dabbar ba. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996, ya tafi a kan cewa fatar mushe in an jeme ta ana amfani da ita, sai dai ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Halil ya togace fatar alade. Shafi'awa da Hanafawa kuwa sun ce jima tana tsarkake fatar mushe. Ko da mafi tsananin fatawoyin aka ɗauka, zama a kan busasshiyar fata bai hana kowa salla ba, balle ma da yawa daga abin da ake kira fata a kasuwa roba ce aka yi wa zanen fata.

Wanda ya san wannan, zai kula da kayansa cikin natsuwa, ya kuma tsira daga ɓarnar dukiya wadda shari'a ta hana. Ƙurar hunturu a kakkaɓe ta da busasshen ƙyalle kafin ta shige cikin ɗinki. Abin da ya zuba a danne shi da tsumma ya tsotse, kada a cuɗa, gama cuɗawa tana tura shi ciki. Fata a goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi, a bar ta ta bushe a inuwa, a shafa mata mai kaɗan, a nisanta ta daga ranar da ke shigowa ta taga. Matashin da ke cirewa kuwa, a cire masa riga, a kwarara wa soson ruwa tsantsa, a matse, a shanya har ya bushe ƙarau.

Ina roƙon kafintocinmu da maɗinka, na Dakoro da na Maraɗi, su riƙa yin matasan kujera masu cirewa, da riguna masu zip, su sa leda tsakanin yadi da soso. Mai saye kuma, in gidansa akwai ƙananan yara, ya tambayi wannan kafin ya tambayi launi.