Mai Binne da Mai Roƙon Allah

A ƙasar Karaye da Rogo, kamar sauran ƙasar Kano ta yamma, akwai wata irin shuka wadda manoma ke kira binne. Idan bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da maraice yana komawa, sai manomin Kurugu ya saɓi sungumi, yara na biye da shi da ƙoƙon iri, yana sara suna zuba gero cikin busasshiyar ƙasa suna rufewa da diddige. Ko ɗigo bai sauka ba tukuna. Baƙon da bai san noma ba ya iya cewa mutumin nan ya zautu, ga shi yana zubad da abinci cikin turɓaya alhali rumbu ya kusa ƙarewa. Amma shi manomi ya san abin da ya ke yi. So ya ke ran da ruwan fari ya sauka ya tarad da iri a ƙasa yana jiransa, domin geronsa ya riga na kowa nuna, ya fid da gidansa daga yunwar tsakiyar damina.

To, haka masu ibada su ke cewa ya kamata mutum ya kusanci Ubangijinsa: ya roƙa yana sa rai, ya shirya wa abin da ya roƙa wurin sauka tun bai gan shi ba. A ƙauyukan wannan ƙasa akwai Hausawa Kirista, yawancinsu jikokin Maguzawa, suna noma kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtansu Musulmi, su kuwa wannan hali suna kiransa bangaskiya. Su kan ba da labarin wani makaho, Bartimawas, wanda Linjila ta Markus ta ambata cikin sura ta 10. Yana zaune bakin hanyar Yariko yana bara, sai ya ji an ce Annabi Isa na wucewa, ya ɗaga murya yana neman jinƙai. Jama'a suka kwaɓe shi, ya ƙara ɗaga murya. Da aka ce ana kiransa, sai ya yar da mayafinsa ya zabura. Wurin da ya kamata a lura da shi ke nan. Mayafin maroƙi shi ne shimfiɗarsa, shi ne bargonsa da dare, makaho kuwa in ya yar da abu cikin taro, da wuya ya sake samunsa. Wanda ya yi haka ya riga ya ƙudura a ransa ba zai komo wurin nan da lalube ba.

Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan magana. Malamai suna karantar da cewa bawa ya kyautata wa Allah zato, ya roƙe shi yana mai sakankancewa da amsa, kada ya yi addu'a zuciyarsa na kasuwa. Labarin Annabi Zakariyya, wanda ya nemi ɗa bayan furfura ta rufe shi, matarsa kuma ba ta taɓa haihuwa ba, yana cikin Suratu Maryam, yana kuma cikin Linjila ta Luka. Kan wannan dai babu gardama tsakanin masallaci da majami'a. Mutumin da ya ɗaga hannu yana roƙon ruwa, alhali ko sungumi bai gyara ba, bakinsa kaɗai ke roƙo.

Amma binne ba kullum ya ke ci ba, nan ne kuwa maganar ta ke da wuya. Wata shekara yayyafi ya kan sauka, iri ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke kwana 20, tsiron ya ƙone. Wata shekara gara da zabi su kan riga ruwan zuwa. Dattawa suna ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914, da bakin iyayensu, waɗanda suka ga farin 1973 kuwa har yanzu akwai su da rai. Cikin waɗannan shekaru an fita roƙon ruwa, an yi azumi, an yi sadaka, an durƙusa a majami'u, ruwa bai zo yadda a ke so ba. To, me za a ce da mai roƙon da ya sa rai iyakar sa rai, aka kuwa hana shi?

Akwai amsa mai sauƙi wadda wasu masu wa'azi ke bayarwa, watau wai bangaskiyarsa ce ta gaza, da ya gaskata sosai da an ba shi. Wannan amsa tana da daɗin faɗi ga wanda cikinsa ke cike. Amma a dubi abin da ta ke yi wa matar da ta kwana bakwai tana addu'a bisa kan ɗanta mai baƙon dauro, ya cika a hannunta. Ta rasa ɗa, ga shi kuma an ɗora mata laifin mutuwarsa. Wannan zalunci ne, ko da an naɗe shi da ayoyi. Akwai kuwa wani labari da ya auku kusa da nan, kudu da Rogo, wanda ya isa ya sa mai irin wannan magana ya yi shiru.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi akwai wani malami a birni, sunansa Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa ɗan Maryamu, har ya shiga karantar da almajiransa a kan haka, ya kai matsayin da malaman fada suka ga ya saɓa. Wajen 1867 aka kashe shi a kasuwar Kano, don ya ƙi janye maganarsa. Mutanensa, waɗanda a ke kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. An ce kafin ya mutu ya gaya musu su jira, Allah zai aiko musu da wanda zai ƙarasa musu bayani. Suka jira. Uba ya mutu ya bar wa ɗa jiran, kamar yadda a kan bar gona, har shekara 40 da 'yan kai suka wuce, aka ci Kano cikin 1903, duniya ta juya, su suna nan ba littafi ba malami sai sa rai.

Cikin 1913 wasu samari daga cikinsu suka zo Zariya wurin Likita Mila, Baturen Mishan na C.M.S. wanda ke zaune cikin birni, suka ji karatun Linjila da Hausa, suka ce abin da kakanninsu suka yi ta jira ke nan. Ba da jimawa ba aka sama musu wuri a Gimi, cikin ƙasar Makarfi, mutum fiye da 100 suka taru suka kafa gari. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Suka gina majami'a da makaranta, suka share gonaki, suka shuka rake. Idan akwai mutanen da za a ce sun kusanci Allah da sa rai a ƙasar Hausa, su ne waɗannan. Ba su roƙi dukiya ba, ba su roƙi sarauta ba, sun bar dangi da gonakin gado sun zo.

Sai ciwon barci ya faɗa musu. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, ya rame, ya dinga gyangyaɗi da rana tsaka har da loma a bakinsa, daga nan sai kabari. Gida gida ya bi, bai bar mai yawan addu'a ya ɗauki mai ƙaranci ba. Ba a cika shekara 10 da kafa garin ba sai da ya zama kufai, ragowar, da yawansu marayu, aka kwashe su zuwa Zariya.

Wa zai buɗe baki ya ce mutanen Gimi ƙarancin bangaskiya ya kashe su? Abin da ya kashe su sananne ne. Ƙudan tsando ne, wanda ke zama cikin duhuwar kurmi a bakin rafi, ya ciji mai ciwo ya ɗauki ƙwayar cutar, ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Rafin da ke kusa da su, shi ne gidan ajalinsu. Daga 1937 Gwamnati ta kama aikin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka aka sake musu mazauni, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, ciwon kuwa ya ja da baya ƙwarai. Allah da ya halicci ƙuda shi ya ba ɗan Adam hankalin da zai gane ƙudan, da gatarin da zai sare kurmin. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wani Balarabe ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara. Saboda haka wanda ya hana mara lafiya zuwa asibiti wai don kada a ce ya yi shakkar Allah, bai fi mutanen Gimi bangaskiya ba, ya fi su wauta ne kawai, gama su ba su san ƙudan ba, shi kuwa ya sani.

Duk da haka tambayar ba ta ƙare ba. In roƙo ba ya hana tsando cizo, to, me mai roƙo ke sa ran samu?

Wanda ya taɓa zama a zauren hakimi ranar sauraron kuka ya san masu kawo ƙara iri iri ne. Akwai wanda ya zo don al'ada kurum, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya yi maganarsa ciki ciki, ya tashi tun ba a amsa masa ba, don ya riga ya yanke a ransa ba abin da za a yi masa. Akwai wanda ya zo da 'yar gaisuwarsa a hannun bafade, shi a ganinsa ya saya, in hukunci bai zo yadda ya so ba sai ya fita yana ƙunƙuni an ci kuɗinsa. Akwai kuma wanda ya san halin mai garin, ya zo ya zazzage cikinsa duka, ya faɗi abin da ya ke so ƙarara ba kewaye kewaye, sa'an nan ya zauna ya jira, ya tabbata an ji shi kuma ba za a zalunce shi ba, ko da hukuncin ya saɓa wa son ransa. Na biyun nan shi ya fi yawa a zamanin yanzu, shi ne kuma kasuwar masu sayad da addu'a, na coci da na tsibbu duka, waɗanda ke ce wa talaka ya kawo kaza ko ya kawo kuɗi, Allah zai mayar masa ninki goma. Wannan ciniki ne, kuma ciniki da wanda ba ya bukatar kome. Misalin hakimi ma bai cika ba, gama ƙofar Allah ba dogari, ba a kuma tambayar mutum ɗan wane ne shi.

Kirista suna da misalin na ukun nan cikin littafinsu. Linjila ta ce a daren da za a kama Annabi Isa ya shiga wani lambu, Gatsemani, ya roƙa har sau uku a ɗauke masa wahalar da ke tafe, amma kowane karo ya mayar da al'amarin ga nufin Allah. Manzo Bulus kuma ya faɗa cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Koranti cewa ya roƙa sau uku a raba shi da wata ƙaya da ke damunsa a jiki, ba a raba shi da ita ba, sai aka ba shi ƙarfin ɗaukarta. Ba Kiristan da zai ce waɗannan biyu ba su iya roƙo ba. Ashe sa ran nan ga Allah kansa ya ke rataye, ga jinsa da adalcinsa da jinƙansa. Siffar amsar da lokacinta ba a hannun bawa su ke ba.

Mai wayo ya iya cewa, ai wannan dabara ce ta masu addini: in an samu su ce an amsa, in an rasa su ce an amsa ta wata hanya, ta haka ba ranar da za a kama su. Maganar tana da nauyi, bai kamata a share ta da tsawa ba. Gaskiya ne ba ma'aunin da za a ɗora addu'a a kai kamar yadda a ke auna gyaɗa a kanti. Amma akwai abin da ido ke gani, watau abin da mutum ya yi bayan an hana shi. Mai ciniki in ya yi hasara ya kan canja kasuwa, yau yana wurin wannan fasto, gobe wurin wancan malami, jibi gindin tsamiya wurin boka. Ragowar mutanen Gimi ba su yi haka ba. Da Mishan ta tashi daga cikin birnin Zariya ta koma Wusasa cikin 1929, suna cikin waɗanda suka kafa sabon wurin, inda aka gina majami'ar Bartalamawas da ƙasa irin ginin Hausa, da asibiti, da makaranta. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Mila ya daɗe yana fama da shi tare da mataimakansa. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau cikin 1927, ya yi karatun likita, ya kuma shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Ba a kawo wannan don a ce ɗaukakar jikoki ta biya diyyar kaburburan Gimi ba. Uwar da ta binne 'ya'yanta a can ba ta ga jami'a ba, ba kuwa wanda ya isa ya yi mata wannan lissafi. Abin da a ke nunawa kawai shi ne waɗanda suka tsira sun sake ɗaukar sungumi.

Manoman Kurugu kuwa tun dā sun san wani abu game da binne wanda ya kamata mai roƙo ya koya. Mai hankali ba ya juye irinsa duka cikin busasshiyar ƙasa. Ya kan rage wani a tukunya, ya rufe bakinta da laka, ya hana yara taɓawa ko da yunwa ta matsa. Idan tsiron fari ya ƙone, ba ya zama yana tuhumar kansa ko addu'arsa ce ba ta kai ba, ba ya kuma zagin sama. Ran da ruwa ya komo sai ya fasa bakin tukunya, ya ta da yara tun da asuba, su bi ramukan da suka mutu ɗaya ɗaya suna sake zubawa.