Tsawon Rai: Riba Ce Ko Hasara?

Ya 'yan'uwa, kullum muna roƙon tsawon rai. To, in an ba mu, mu yi me da shi? Hadisi ya nuna mafificin mutane shi ne wanda ya daɗe a duniya, kuma aikinsa ya kyautata.

Mu dubi Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, wadda ta yi kimanin shekara 100. Ita ce ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Manzon Allah (SAW) lokacin hijira, a 622. Da tsohon ciki ta yi ƙaura, ta haifi Abdullahi a Ƙuba. A gidan mijinta Zubairu, ita ke kiwon doki, ita ke ɗauko ƙwallon dabino a ka. Jikarta Fatima ta karɓi hadisai daga bakinta, suna nan cikin Buhari har yau.

A shekara ta 73 bayan hijira, Hajjaju ya yi wa Makka ƙawanya. Abdullahi ya zo wurin uwarsa neman shawara, ga tsufa, ga ido ya tafi. Wace uwa ce ba za ta so ɗanta ya tsira da ransa ba? Amma sai ta ce in dai a kan gaskiya yake, ya tsaya. Aka kashe shi, ba a jima ba ta bi shi.

Ya ku iyaye mata, wanne kuka fi tsorata wa ɗanku, wahala ko ɓata? Furfura shaida ce ranar hisabi. Allah Ya sa mu cika da imani, amin.