Kada Ki Bar Wa 'Ya'yanki Gadon Gaba

 Yau wata tambaya nake so mu yi wa kanmu tsakani da Allah: idan aka ɓata miki a gidan aure, shin kina da haƙƙin ki kwashi wannan ɓacin rai ki juye a kunnen ɗanki? Da yawanmu za mu ce a'a da baki, amma in aka leƙa ɗakunanmu bayan sallar isha'i, aka ji hirar da muke yi da yaranmu, to amsar da za a samu daban ce.

Akwai wani gida da na sani a nan Birnin Kebbi, ba zan kama suna ba. Maigidan manomin shinkafa ne, yana da gona babba a fadama, da mata biyu. Uwargida 'ya'yanta huɗu, amarya uku. Asalin rigimarsu kuwa atamfar sallah ce, wai ta ɗaya ta fi ta ɗaya tsada. Daga nan fa aka shiga 'yar harara da habaici, har aka daina gaisawa. In da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne. Sai uwargida ta fara jan kunnen babban ɗanta: "Kar in ƙara ganin ƙafarka ɗakin waccan, in ta ba ka abinci kar ka ci." Amarya ita ma in ta rufe ƙofa sai ta ce wa nata: "Ku dai ku yi ta kanku, waɗancan ba son ku suke ba." Yaran da da suke cin tuwo kwano ɗaya, suka koma kowa da nasa.

Shekaru suka tura, maigida ya rasu. Aka zo rabon gado, ba mai yarda da wani. Aka ja katanga ta raba gidan biyu. Gonar da ta ciyar da su duka ta yi damina biyu ba a noma ta ba, saboda kowa na tsoron ya zuba kuɗinsa wani ya ci. Da babban wan ya tashi aurar da ɗiyarsa, ko goron gayyata bai aika wa ƙannensa na ɗaya ɗakin ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, su iyayen mata yanzu sun shirya. Tsufa ya zo, wanda ake kishin dominsa yana ƙasa, tare suke zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Ranar da na je gaishe su, amaryar ta dubi uwargidan ta ce, "Yaya, mu mun huce, su sun ƙi hucewa." Uwargida ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To mu muka kunna, ina za mu ce su kashe?"

Kin ji fa inda matsalar take. Kishi na babba yana da dalili, kuma in dalilin ya gushe yakan gushe. Amma ƙiyayyar da aka koya wa yaro ba ta da dalilin da ya sani, balle ya gane ranar da dalilin ya ƙare. Shi dai ya buɗe ido ya ga uwarsa, wadda ya fi yarda da ita duk duniya, tana cewa wane maƙiyi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi can zai bushe.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a ba mu labarin gadon gaba ba, domin tarihin ƙasarmu ma ya ishe mu wa'azi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, daga baya sarautar Kabawa ta koma Argungu. A 1831 aka kashe Sarkin Kabi Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru masu yawa a can. Duk da haka abin da ya sami uba bai fita daga zuciyar ɗa ba, a 1849 ya sake ɗaura yaƙi. Ba ina nan don in ce wane ne mai gaskiya ba, wannan aikin masana tarihi ne, kuma kowane ɓangare yana da gwarzayen da yake alfahari da su. Abin da nake so ki lura da shi kawai, waɗanda suka fara faɗan sun daɗe da kwanta dama, amma 'ya'ya da jikoki suka ci gaba da shi, a tsakanin garuruwan da yau mota ke haɗa su cikin kusan awa ɗaya. Ko da Turawa suka zo aka ajiye takubba, zukata ba su gama saki ba.

To yaya aka yi aka kashe wutar? A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taso da kansa daga Sakkwato ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi. Aka shirya masa gagarumin kamun kifi don girmamawa. Wannan shi ne tushen bikin da ake yi a kogin Matan Fada, inda dubban masunta ke faɗawa ruwa da gora da homa suna neman giwan ruwa, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ki lissafa, daga 1805 zuwa 1934 shekara 129 ke nan. Kuma ki duba wanda ya yi tattakin: babban ne ya tako, girmansa kuwa bai ragu ba, har yau da alheri ake ambaton wannan tafiya. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malamanmu ma kullum suna tuna mana cewa bai halatta a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba, kuma wanda ya fara sallama shi ne mafi alheri.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ke ba ki san abin da aka yi mini ba ne. An hana ni haƙƙina, an fifita 'ya'yan wata a kan nawa, in yi shiru har yarana su tashi ba su san masu cutar su ba?" 'Yar'uwa, ban ce ki yi shiru a kan zalunci ba, kuma ban ce kowace kishiya mutuniyar kirki ce ba. In an danne miki haƙƙi, ki faɗa wa maigida cikin natsuwa. In bai ji ba akwai waliyyinki, akwai manyansa, akwai malamin unguwa, in ta kama har gaban alƙali. Waɗannan su ke da ikon gyarawa. Amma yaro ɗan shekara bakwai me zai gyara miki? Ba zai ƙara miki kuɗin cefane ba, ba zai daidaita rabon kwana ba. Abin da zai iya kawai shi ne ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa, ya tashi da su har furfura. In kuwa da gaske akwai abin da kike tsoro a kan lafiyar ɗanki, ki kare shi da sa ido da kai ƙara inda ya dace, ba sai kin koya masa ƙin jininsa ba.

Ki tuna, ke da kishiyarki aure ne ya haɗa ku, kuma aure yana iya ƙarewa. Amma ɗanki da ɗanta uba ɗaya suke, wannan kuwa ba saki ba yaji. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wata rana ba kya nan, wa zai tsaya wa ɗiyarki in mijinta ya wulaƙanta ta? Wa zai karɓi auren jikanki? Wataƙila wannan yaron ne da kike hana a ba shi ɗumame.

Saboda haka ga 'yan shawarwari. Kada ki zagi abokiyar zamanki a gaban yara, ko da kuwa ke ce da gaskiya. Kada ki mai da ɗanki ɗan leƙen asiri, ki riƙa tambayarsa me babansu ya kai ɗakin can. In kin soya abu, ki kira duk yaran gidan, ko da kowa loma ɗaya zai samu. Ki sa 'ya'yanki su gaida matar ubansu kowace safiya, ko ranar da ku ba ku gaisa ba. In yara sun yi faɗa, ki bincika kafin ki goyi bayan naki. Ke uwargida, girma naki ne, kada ki jira sai an zo an same ki. Ke amarya, ki sani yaran da kika tarar sun riga ki zama 'yan gida. Ke kuma budurwa da kika tashi kika tarar da irin wannan gaba a gidanku, ba dole ba ne ki tafi da ita ɗakin mijinki cikin kayan gara. Zumunta a ƙafa take, ki shirya ki je ki gaida yayarki ta ɗaya ɗakin, ko da ba za ta sake miki fuska a zuwan farko ba.

Kowace uwa tana fatan ta bar wa 'ya'yanta wani abu, ko 'yan kunne ne ko tunkiya. To cikin abin da za ki bari, ki bar musu 'yan'uwan da za su iya buga wa ƙofa da tsakar dare. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa kawunansu, Ya ba mu ikon danne zuciya. Amin.