LAMBU DA NATSUWAR ZUCIYA: NASIHA GA MATASHI MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin ruwa da ƙasa da abin da yake tsirowa a tsakaninsu. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wannan nasiha taka ce. Kai da ka gama makaranta ka ajiye takardar shaida a ƙarƙashin katifa, ko kuwa ba ka samu ka yi makarantar ba sam. Gari ya waye ka tafi majalisa, la'asar ta yi kana majalisa. Ka duba waya ka ga sa'anka ya sayi mota, wancan ya yi aure, wancan ya tafi Umra, sai zuciya ta kama tafasa. Dare ya yi barci ya ƙi zuwa. A nan ne Shaiɗan yake samun ƙofa, ya riƙa raɗa maka cewa kai ba kowa ba ne, Allah Ya manta da kai. Subhanallahi! Ta wannan ƙofa samari da yawa suka faɗa shan ƙwaya da kodin, waɗansu kuma suka zama karnukan farautar 'yan siyasa.

To, ka sani tun farko, asalin maganin wannan ciwo shi ne ambaton Allah da tsai da salla, kamar yadda aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta nuna inda zukata suke samun natsuwa. Amma Musulunci ya hore mu da riƙon sababi. A cikin sabuban da Allah Ya sauƙaƙa mana a ƙasarmu akwai wanda samari suka raina, alhali kuwa yana kusa da su, wato lambu. Akwai darussa uku a cikinsa, ka saurara da kyau.

DARASI NA FARKO: NAKA AIKI, FITARWA TA ALLAH

Mai lambu yakan gyara fangali, ya zuba taki, ya yafa iri, ya ba da ruwa. Daga nan fa? Daga nan sai ya koma gida. Ba shi da ikon shiga cikin ƙasa ya buɗe ƙwayar nan. Da zai tono ta kullum don ya ga ko ta fara tsiro, ai da kashe ta zai yi. A Suratul Waƙi'a, aya ta 63 zuwa ta 65, Allah Ya tambayi masu noma ko su ne suke fitar da abin da suka shuka ko kuwa Shi ne, kana Ya tunatar da su cewa da Ya so da Ya mai da shi busasshen karmami.

Mafi yawan damuwar da take hana ka barci, ɗan'uwa, ta ɗaukar kayan da ba naka ba ce. Kana so ka san yaushe za ka samu, nawa za ka samu, wa zai riga ka. Wannan kuwa ba a ɗora maka ba. Abin da aka ɗora maka shi ne aikin yau. Mai lambu ya san wannan da hannunsa, ba da labari ba. Idan ya gama ban ruwan yamma ya wanke ƙafa ya yi Magariba, ya san ya sauke nasa, saura na Mai sama. Wannan shi ne tawakkali. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara.

Kada ka ɗauka lambu ba ya da asara. A shekarar 2016 wata tsutsa ta auka wa tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, gonaki suka ƙone kamar an sa musu wuta, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Manoman da suka yi kuka a wannan shekara, da kaka ta zagayo sai ga su sun sake yafa iri. Me ya komar da su? Sun san shekara guda ba ita ce ƙarshen rabon bawa ba. Kai ma jarrabawar da ka faɗi, ko aikin da aka hana ka, shekara guda ce a cikin lambun rayuwarka.

DARASI NA BIYU: KOWANE IRI DA RANARSA

Je ka lambu ka duba. Alayyafo mako uku zuwa huɗu an fara yankarsa. Tumatir sai ya yi kamar wata guda a wurin reno, a dasa shi, sa'an nan a jira wajen wata biyu kafin a tsinki na fari. Albasa takan yi kamar kwana 40 a wurin reno, bayan dashe kuma ta ci wata uku ko fiye. Dabino kuwa shekaru ake jira. Shin ka taɓa jin mai lambu ya tumɓuke albasa don alayyafo ya riga ta? Ko ya zagi dabino don bai yi 'ya'ya a shekarar farko ba? Wanda ya yi haka ai sai a ce ya taɓu.

To, don me kake yi wa kanka abin da mai hankali ba ya yi wa albasa? A aya ta 4 ta Suratur Ra'adi Allah Ya ja hankalinmu ga yankunan ƙasa masu maƙwabtaka da juna, da gonakin inabi da shuka da dabino, ruwa ɗaya suke sha amma ɗanɗanonsu ya bambanta, kuma Ya ce a cikin wannan akwai ayoyi ga masu hankali. Haka mutane suke. Uwa ɗaya uba ɗaya, tuwo ɗaya, amma wannan mai saurin hadda ne, wancan hannunsa ne yake da albarka, wancan kuma haƙuri aka ba shi. Allah bai yi kuskure ba da Ya yi ka ɗan wane, a gari kaza, da irin ƙwaƙwalwarka da irin jikinka. Ranar Alƙiyama ba za a tambaye ka abin da aka ba Audu ba. Abin da aka ba ka, shi za a tambaye ka.

Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, cewa Annabi (S.A.W.) ya kamanta Musulmi da wata itaciya wadda ganyenta ba ya zuba, ya ce sahabbai su faɗi sunanta. Ɗan Umar ya gane dabino ce, amma ya yi shiru saboda ƙuruciyarsa a gaban manya. Ka lura, da itaciya mai jinkirin haihuwa aka kamanta ka, mai daɗewa tana amfani.

Sai dai a nan akwai wurin zamewa. Yarda da yadda Allah Ya halicce ka daban, zama a kan saɓo kuma daban. Mai lambu ya yarda albasa albasa ce, amma bai taɓa yarda da ciyawa ba, kullum cire ta yake yi tun tana ƙarama. Wanda ya ce shi haka Allah Ya yi shi, ba ya iya tashi Asuba, ba ya iya barin ƙarya, wannan ya kira ciyawa da sunan shuka ne. Ka karɓi halittarka da godiya, ka yaƙi zunubinka da tuba.

DARASI NA UKU: BABU ABIN DA YAKE TAFIYA A BANZA

Abin da ya fi cin matashi shi ne ya ga kwanansa suna wucewa ba su da ma'ana. To, ji wannan bushara. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci a ciki, ana rubuta masa ladan sadaka. A ruwayar Jabir da take cikin Muslimu har abin da aka sace an ambata. Ka ji ko? Akuyar maƙwabci ta tsallaka ta cinye maka latas, kai kana ganin asara, mala'ika yana rubuta sadaka. Wace sana'a ce kuma ake biyan mutum har a kan abin da ɓarawo ya ɗauka?

Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yi umarni ga wanda tashin Alƙiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannu, in yana da iko, ya dasa shi kafin ya tashi. Wa zai ci wannan dabino? Babu. Ashe ke nan darajar aiki a wurin Allah ba ta rataya ga ganin amfaninsa da idonka ba.

Dubi Salmanul Farisi, Allah Ya ƙara masa yarda. Baƙo ne a Madina, bawa a hannun wani Bayahude, ba dangi ba dukiya. Aka yanka masa fansar kansa a kan dabino 300 da zai dasa su kama, da uƙiya 40. Sahabbai suka tara masa dashe, wannan ya kawo 30, wancan 20, wancan 10. Salmanu ya haƙa ramuka, Manzon Allah (S.A.W.) ya zo ya sanya dashen da hannunsa mai albarka. Ta hanyar lambu Salmanu ya fita daga bauta. Idan mafificin halitta bai ji kunyar taɓa ƙasa ba, kai wane ne da za ka ce karatunka ya fi ƙarfin fartanya?

YADDA ZA KA FARA

Za ka ce ba ka da fadama. Gaskiya ne, ba kowa ne yake Kura ko Kadawa ba, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, yake bi ta magudanai har Kwanar Gafan ta cika da kwandunan tumatir. Ba kowa ne kuma yake Aliero ta Jihar Kebbi ko Galmi ta ƙasar Nijar ba, garuruwan da albasa ta fitar da sunansu. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na ɗaya, nemi izinin mahaifinka ko mai gidan da kake, ka ware taku uku ko huɗu a bayan ɗaki inda rana take samu. In babu, tsohon buhu ya isa: cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye.

Na biyu, fara da mai sauƙi, wato alayyafo da yakuwa da rama da zogale. Tumatir da latas da karas da kabeji sun fi son sanyin hunturu, ka bari sai ka ɗan goge.

Na uku, kada ka zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, yana ƙona ta. Bari ya ruɓe tukuna.

Na huɗu, ka riƙa yin alwala a gindin zogalenka, ruwan da yake zuba sau biyar a yini ya ishe shi. Ban ruwa kuwa da sassafe bayan Asuba, ko da yamma bayan La'asar.

Na biyar, je ka wurin tsohon mai lambu ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, “Baba, koyo na zo.” Abin da zai nuna maka a yini guda ba za ka same shi a waya ba.

GARGAƊI

Kada lambu ya hana ka jam'i, domin Wanda kake jira Ya fitar da shukar Shi ne Yake kiranka. Kada ka binne laya a kusurwar lambu, ko ka je wurin boka neman sa'ar kasuwa, wannan hanyar shirka ce, kuma tana rushe tawakkalin da ka zo koyo. Kada ka jera manyan tumatir a bakin kwando ka ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, domin Muslimu ya ruwaito yadda Annabi (S.A.W.) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ciki, ya kuma barranta daga mai algus. Kada ka fesa maganin ƙwari yau ka kai kasuwa gobe, ka cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar, rayukan Musulmi amana ne.

Idan Allah Ya buɗa maka, tuna da masu lambun da aka ba da labarinsu a Suratul Ƙalam, waɗanda suka yi sammako don kada miskini ya gan su, suka tarar lambun ya halaka. Hatsi in ya kai wusƙi 5 ana fitar da ɗaya cikin 10 idan ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya cikin 20 idan da jigo ko inji aka shayar. Kayan miya kuwa Malikiyya ba su wajabta zakka a kansu ba, Abu Hanifa ya wajabta. Ko wanne ka bi, kada damin alayyafo na farko ya wuce mahaifiyarka da maƙwabcinka.

Sa'an nan, idan baƙin cikin ya yi nauyi har ka daina cin abinci, ko kana jin gara mutuwa, kada ka ɓoye. Faɗa wa wani babba da ka amince da shi, ku je asibiti. Neman magani sunna ce, ba raunin imani ba ne.

Ya ɗan'uwa, kada ka ajiye wannan ɗan littafi ka ce sai damina. Zogalen da ka shuka yau, kafin mako biyu in Allah Ya so ka ga kansa ya fito. Nemi irinka a makon nan, ka yi Bismillah ka sa a ƙasa.

Allah Ya sanya natsuwa a zukatan matasanmu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu yarda da abin da Ya raba mana, Ya karɓi ɗan abin da muka shuka. Allah Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.